Suna Linzami: Duba Ga Sunayen Da Ke Cikin Littafin Kirista Na Hausa

Jama'a, littattafai uku ne a gabanmu yau, ko kuwa mu ce littafi ɗaya ne da aka juya da Hausa a zamani uku, watau Littafi Mai Tsarki na Kirista. Na fari shi ne wanda aka buga a shekara ta 1932, aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da malaman ƙasa. Na biyu shi ne sabon juyi na shekara ta 1979, wanda har yanzu ya ke hannun mutane da yawa a majami'u. Na uku kuwa shi ne wanda a ke kira Sabon Rai Don Kowa, da ya fito bayan shekara ta 2000. Ba mu ɗauko su domin gardamar addini ba, wannan shafi ba wurinta ba ne. Abu ɗaya tak mu ke so mu auna, watau yadda masu juyin nan suka yi da sunayen mutane. Kada mai karatu ya ce wannan ƙaramin abu ne. A cikin littafin nan suna ba lamba ba ce da a ke liƙa wa mutum don a rarrabe shi da maƙwabcinsa. Sau da yawa sunan shi ne kan labarin, in an rasa ma'anarsa an rasa rabin abin da a ke faɗi.

Mu ɗauki mai karatu guda a ranmu, mu ajiye shi a Kafin Hausa, cikin ƙasar Haɗeja, wadda a zamanin Turawa ta ke cikin Lardin Kano, tun 1991 kuma ta ke cikin Jihar Jigawa mai hedkwata a Dutse. Kirista a wannan yanki tsiraru ne ƙwarai, kusan kowane maƙwabci nasu Musulmi ne, rijiya ɗaya su ke sha, kasuwa ɗaya su ke ci. Da gangan muka zaɓi wurin, gama a inda Kirista suka yi yawa ba a cika jin nauyin suna ba, amma a inda mutum ya ke shi kaɗai a unguwa, da zarar an kira shi an faɗi addininsa. Mutanen wannan ƙasa kuwa sun san yadda suna ke daɗewa bayan abin da ya haife shi ya shuɗe. Sunan garin kansa kafi ya ke tunawa, watau shingen itatuwa na zamanin yaƙi. Harshen Auyokawa kuma, wanda dā a ke yi a wajejen Auyo da Kafin Hausa, ya mutu sarai, Hausa ta haɗiye shi, sai sunan kaɗai ya rage.

To, Bahaushe ba baƙo ba ne ga suna mai magana. Ban da sunan yanka da liman ke raɗawa ran bakwai, akwai laƙabin da gida ke bayarwa, shi ne kuwa ke faɗin tarihin yaro. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa da rai ba, Nomau ya zo lokacin noma, Shekarau ya daɗe a ciki. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa ta kan sa a kira na baya Ajuji, kamar an yar da shi a juji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Wanda ya tashi cikin irin wannan al'ada ya fi Baturen Ingila shirin gane littafin Farawa, inda aka ce an sa wa Ishaku suna saboda dariyar da iyayensa suka yi sa'ad da aka yi musu albishir da haihuwa a kan tsufa, aka sa wa Yakubu nasa domin ya fito riƙe da diddigen ɗan'uwansa. Rahila ma tana kan gargarar mutuwa ta sa wa jaririnta sunan baƙin ciki, uban ya ƙi, ya sauya masa da Biliyaminu, watau ɗan hannun dama. Kowace tsohuwa a Bulangu ko Jahun in ta ji wannan za ta gane abin da uban ke gudu, gama ba a son yaro ya girma da mutuwar uwarsa rataye a wuyansa.

Kirista sun ɗora imani mai nauyi bisa wannan. A wurinsu Allah ya kan sauya wa mutum suna sa'ad da ya sauya masa matsayi: Abram ya zama Ibrahim ran da aka ƙulla alkawari, Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar dare a bakin rafi. Suna karanta cewa makiyayi na ƙwarai ya san tumakinsa ɗaya ɗaya da sunayensu, cewa sunayen masu bi a rubuce su ke cikin littafin rai, cewa a ƙarshe za a ba wanda ya jure farin dutse da sabon suna a kansa, wanda ba mai saninsa sai shi. Shi ya sa ran baftisma ta ke a wurinsu kamar ranar suna ta biyu. Mai juya irin wannan littafi ya ɗauki kaya, don ko wane suna ya zo gabansa hanya uku ce ke buɗe. Ko ya bi amon sunan yadda ya ke a Ibrananci ko Girkanci, ko ya ɗauki sunan da Hausawa suka riga suka sani ta hanyar Larabci, ko ya fassara ma'anar. Ba ya iya bin ukun gaba ɗaya.

Juyin 1932 ya fi karkata ga hanyar Kiristan ƙasashen Larabawa. Daga can aka samo Bitrus da Bulus da Yohanna da Istifanus, sunayen da yau suka zama 'yan gida daga Wusasa har Jos da Yola. Juyin 1979 kuwa ya matso kusa da bakin maƙwabta. Ya mai da Yohanna Yahaya, ya mai da Yunana Yunusa, inda na fari ya ce Kristi shi ya ce Almasihu. Sabon Rai Don Kowa ya komo da Yohanna da Kiristi. Watau cikin shekara kamar tamanin an je an dawo, har ya zama a gida ɗaya kaka na karanta Yohanna, uba na karanta Yahaya, jika kuma ya koma Yohanna, alhali mutum ɗaya su ke nufi.

A ganinmu masu juyin 1979 sun yi daidai cikin niyyarsu. Mutumin Kafin Hausa da ya buɗe littafi ya ga Ibrahim da Musa da Dauda da Sulemanu da Zakariya da Yahaya, ya san ba cikin baƙi ya shiga ba, sunayen ƙannensa ne da kawunnansa. Almasihu kuma ya fi Kristi zama a kunnen Bahaushe, ko da ya ke ma'anarsu ɗaya ce, watau wanda aka shafe da mai, ɗaya daga Ibrananci ta hanyar Larabci, ɗaya daga Girkanci. Abin lura, a kan suna guda duk ukun suka tsaya wuri ɗaya, ba wanda ya rubuta Isa, duka Yesu suka ce, kamar yadda Kiristan Larabawa ke cewa Yasu'u. Dalilinsu a fili ya ke. Sunan a asalinsa na nufin Ubangiji ne mai ceto, kuma a kan wannan ma'ana bisharar Matiyu ta kafa dalilin raɗa shi. A nan ne fahimtar addinan biyu ta rabu, masu juyi kuwa ba su so su rufe rabuwar da mayafin suna ba. Mai gaskiya ko daga wane ɓangare ya ke ba zai zarge su da wannan ba.

Amma fa kama da wane ba wane ba ce, a nan ne kuma juyin 1979 ya yi tuntuɓe. Ga babban almajiri, masuncin nan na bakin tekun Galili, wanda na 1932 ya kira Siman. Sabon juyi ya nemi sunan Hausa mai amo kusa da wannan, ya samo Saminu. To, kowa ya san Saminu. Yana cikin jerin nan na Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu da Sadisu da Sabi'u, ma'anarsa na takwas. Siman kuwa daga kalmar ji ya fito a Ibrananci, gama littafin Farawa ya ce uwar Saminu na farko, ɗan Yakubu, ta sa masa suna ne don Ubangiji ya ji ƙuncinta. Sai ga shi an ba mai karatu suna sananne ɗauke da ma'anar da ba tasa ba. Baƙon suna ya kan sa mutum ya yi tambaya, sananne kuwa ba ya sa shi, sai ya wuce yana tsammani ya gane.

Haka aka yi wa annabin da ya naɗa Dauda sarauta, aka kira shi Sama'ila. A bakin Hausawa Sama'ila da Isma'ila mutum ɗaya ne, ɗan Ibrahim da Hajara, shi kuwa yana nan daban cikin littafin Farawa. Wanda ya ɗauki littafin ya ga Sama'ila na fari da na biyu a jerin sunayen littattafai, ba laifinsa ba ne in ya zaci labarin ɗan Ibrahim zai karanta. Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Yusha'u. Malamanmu sun san Yusha'u ɗan Nunu, magajin Musa. Juyin 1979 ya bar wannan da Joshuwa, amon bakin Turawa, ya ɗauki Yusha'u ya ba wani annabi na can baya da ɗaruruwan shekaru. Ba za mu ce ba su da hujja ko kaɗan ba, don sunayen biyu saiwarsu ɗaya ce, har littafin Ƙidaya ya faɗi cewa Musa ne ya ƙara wa sunan ɗan Nunu gaɓa ya koma yadda aka san shi. Amma da sun bar Yusha'u ga mai shi, da mai wa'azi ya sami abin faɗi mai daɗi, gama Yusha'u da Yesu suna ɗaya ne, Girkanci ne kawai ya sauya wa na biyu riga.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu, wanda juyin uku suka yi tarayya cikinsa. Masuncin nan da muka ambata an sauya masa suna, aka kira shi Kefas da harshen Aramiya. Mai rubuta bishara ya san masu karatunsa ba su jin wannan harshe, sai ya fassara musu da Girkanci, ya ce Petros, shi ne Larabawa suka mayar Buɗrus, mu kuma Bitrus. Ma'anar duka dutse ce. A bisharar Matiyu kuwa aka ɗora babbar magana bisa wannan suna, ta kafa ikilisiya a kan dutse. Bagirke na jin sunan da kalmar suna amsa wa juna. Mutumin Faransa ma haka, don a harshensa sunan Bitrus da kalmar dutse abu guda ne. Bahaushe kuwa sai ya ga Bitrus a nan, dutse a can, ba abin da ya haɗa su. Ku duba fa, jama'a, mutum na zaune a garin Dutse, yana ɗaga ido ya ga duwatsun da suka ba garin suna, sunansa Bitrus, ya yi shekara hamsin yana amsawa, bai taɓa sanin shi da garin takwarori ba ne. Ba mu ce a kankare Bitrus a rubuta Dutse ba, suna ya riga ya kama ƙasa, mutane dubbai na amsa shi. Amma tun da mai bishara da kansa ya ga wajibi ne ya fassara, me ya hana a yi wa Bahaushe irin wannan alheri a gefen shafi, da manyan baƙaƙe, ko wane wuri sunan ya ɗauki nauyin magana?

Irin wannan ɓoyayyar dukiya tana da yawa. Toma ɗan tagwaye ne, da a nan aka haife shi da Hassan ko Husaini za a ce. Tabita barewa ce, Rahila tunkiya, Debora ƙudan zuma, Yunusa kurciya, Istifanus kambin nasara. Bulus ƙarami ke nan da harshen Rumawa. A kan Bulus ma akwai kuskuren da ya bazu, wai ran da ya tuba a hanyar Dimashƙu aka sauya masa suna daga Shawulu. Littafin Ayyukan Manzanni bai faɗi haka ba. Ya ci gaba da kiransa Shawulu bayan tuban, sai da ya isa tsibirin Kubrus cikin al'ummai sa'an nan aka fara kiransa da ɗayan. Suna biyu gare shi tun asali, na gida da na waje, kamar yadda Bahaushe ke da na yanka da na rana.

Akwai wuri guda da al'adarmu ta taimaki masu juyi ba tare da sun wahala ba. Yahudawa ba su furta sunan Allah mai baƙaƙe 4 da aka bayyana wa Musa, in sun zo kansa cikin karatu sai su ce Ubangiji a maimakonsa. Juyin Hausa ya bi wannan hanya. Bature sai an yi masa dogon bayani kafin ya gane dalilin ɓoye suna don girmamawa. Mu kuwa da matar kirki ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na ɗan farinta, yaron da aka sa wa sunan kakansa a kan ce da shi Abba ko Baba, mun gane tun kafin a gama faɗi.

Littafin ya kuma san wani irin sauyin suna dabam, wanda ba na alkawari ba ne, na ƙarfi ne. Daniyel da abokansa sa'ad da aka kwashe su zuwa Babila, shugaban fadawa ya tuɓe musu sunayen gidansu ya sa musu na gumakan ƙasar. Ƙasarmu ta san wannan tun zamanin bauta, da ubangiji kan raɗa wa bawansa abin da ya ga dama. Tarihin juyin Hausa kansa ya taɓa wannan wuri. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, wanda Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da Abbega, shi ne bakin da J. F. Schön ya ɗebi Hausarsa daga ciki. Da aka yi musu baftisma sai aka kira Dorugu James Henry, aka kira Abbega Frederick Buxton. Ba mu ce mugunta aka nufa ba, al'adar zamanin ce. Amma sunan bai bi shi gida ba. Ya rasu a Kano cikin 1912, yana aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, kuma Dorugu tarihi ya riƙe. Shi Barth ɗin ma Abdulkarim ya kira kansa muddin yana ƙasarmu, Ɗan Hausa kuwa Hanns Vischer ne sunansa. Ashe sauyin ba gefe ɗaya ya bi ba.

Mutanen Wusasa sun fi dacewa. Tushensu ya haɗa da Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi, wajen 1867, saboda fifikon da ya ba Annabi Isa cikin karatunsa. Jikokin waɗannan ne suka nemo Likita Miller a Zariya cikin 1913, aka kafa musu ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya aka tattaru a Wusasa da mishan ta ƙaura can a 1929. Ku lura, da sunan Isa aka san su, da sunan Yesu suka yi baftisma, amma ba su yar da sunayen iyayensu ba. Sai suka haɗa. Ga Likita Barau Dikko, likitan farko na Arewa. Ga John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ga Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan haɗi bai tsaya a Wusasa ba, har yau a na ganinsa, kamar a sunan Matthew Hassan Kukah, Bishop na Sakkwato tun 2011, da Yakubu Dogara, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019.

Me ya sa muka tsananta a kan wannan? Domin suna a ƙasar nan ya zama abin da a ke auna mutum da shi tun bai buɗe baki ba. Bahaushen da kakanninsa Maguzawa ne na ƙasar Kano ko Katsina, wanda bai san wani harshe ba sai Hausa, in ya ce sunansa Filibus sai a tambaye shi daga wace ƙasa ya zo. A rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 an tare mutane a hanya an tambayi sunansu, Musulmi da Kirista duka sun rasa rayuka a kan amsar da suka bayar. Ko sunan jama'ar ma bai zauna wuri ɗaya ba. Littafin ya ce a Antakiya aka fara kiran masu bi Kirista. Hausawa kuwa Nasara suka gada daga Larabci, daga sunan garin Nazarat, amma da Turawa suka ci ƙasa a 1903 sai kalmar ta koma nufin Bature mai mulki, har Bahaushe Kirista ya rasa yadda zai amsa ta ba tare da an ɗauke shi baran baƙi ba. Littafin da ke hannunsa yana iya rage masa wannan nisa, yana kuma iya ƙara ta.

Abin da masu juyi suka bari, iyaye mata sun ɗauka da kansu ba tare da wani taron malamai ba. Shiga majami'ar Hausa ko ina a Arewa ka ji a na kiran yara: Alheri, Godiya, Murna, Salama, Ƙauna, Bege, Haske, Albarka. Waɗannan ba su bukatar gefen shafi. Hanya ta uku ke nan, ta fassara ma'ana, wadda littattafan uku suka ji tsoronta. Yohanna da Hannatu daga saiwa ɗaya suka tsiro a Ibrananci, saiwar alheri. Uban da a ke kira Yohanna, matarsa Hannatu, suka haifi 'ya suka sa mata Alheri, suna ɗaya suka maimaita sau uku a gida ɗaya, ta ukun ce kaɗai maƙwabcinsu na Kafin Hausa zai ji ya gane nan take.

Shawararmu ga Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya da sauran masu wannan aiki, in za su sake bugu, su bar Bitrus da Bulus yadda su ke, su daidaita kan Yahaya ko Yohanna domin gida ɗaya ya daina karatu da baki biyu, su sake duban Saminu da Sama'ila da Yusha'u. Su kuma ƙara 'yan shafuka a ƙarshe, su jera sunayen da ma'anarsu cikin Hausar kasuwa, su sa laƙabin Hausa da ya yi daidai da ko wanne in akwai shi, kamar Auta a gefen Biliyaminu, ƙaramin 'ya'yan Yakubu maza 12.